Haulatu Ta Rasu, An Ce Aolat Tana Nan

Daga:
Mu'az Nu'uman Jatau,
Shagon Ɗinki na Jatau,
Layin Teloli, Sabo, Ibadan.

Litinin, 8 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga:
Maigirma Magatakarda,
Makarantar Karatun Gaba da Digirin Farko,
Jami'ar Oke-Itunu, Ibadan.

Ta hannun: Shugaban Sashen Akanta.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘIN KARƁAR SHAIDAR RASUWAR HAULATU JATAU, ƊALIBAR DIGIRI NA BIYU A SASHEN AKANTA, MAI LAMBA 22/0417, WADDA KE CIKIN FAYIL ƊINKU DA SUNAN AOLAT JATAU

Bayan gaisuwa ta ban girma, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a madadin ƙanwata, marigayiya Haulatu, wadda Allah Ya karɓi ranta ranar Lahadi, 3 ga Nuwamba, 2024. Ni ne yayanta, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Mijinta, Malam Abdulrahim, direban babbar mota ne da ke lodi daga Ojoo zuwa Arewa, ba ya yin mako cikakke a gari, shi ya sa ya wakilta ni a rubuce.

Na rubuto da Hausa ne domin an shaida mini cewa a Sabon Garin Kano aka haife ka, a can ka yi firamare, kuma Hausa ba ta da ɓoyayyen lungu a wurinka. Ni tela ne. Turancina ya ishe ni cinikin yadi da zare, amma ba zai ɗauki abin da ke cikina ba. Na haɗa da fassara domin fayil, sai dai wannan nake roƙon ka karanta da kanka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin in kawo laifin ofishinku, bari in fara da nawa.

Haulatu aka raɗa mata ranar suna, a nan Sabo, a shekarar 1993. Haulatu ne a takardar haihuwarta, da katin ɗan ƙasa, da takardar aurenta. A watan Satumba na 1999 aka ce a kai ta firamare. Mahaifinmu yana kasuwar Bodija ana sauke masa albasa, mahaifiyarmu tana jego, sai aka ɗora mini, ina da shekara goma sha huɗu. Muka tarar da layi, malama Bayarabiya tana zaune a tebur tana rubuta sunaye. Wata yarinya 'yar unguwarmu da ke gabanmu ta faɗi sunanta Sa'adiyya har sau uku malamar ba ta kama ba, yara suna ta dariya. Da aka zo kanmu, ni da nake ji da kaina na iya Yarbanci, kuma ba na so a yi mana dariya, sai na amsa da Yarbanci, na faɗi sunan yadda Yarbawan maƙwabtanmu suke faɗarsa: Aolat. Malamar ta rubuta nan take, har ta yaba mini da wayo. Haulatu, tana da shekara shida, ta ja mini gefen riga ta ɗago kai ta dube ni. Na make mata hannu.

Shi ke nan. Daga wannan rajista sunan ya bi ta sakandare, ya bi ta jarrabawar fita, ya bi ta digirin farko. Mahaifinmu dariya ya yi da ya ji, ya ce ai kowane ɗan Sabo sunansa biyu, na gida da na titi. Mahaifiyarmu ma Hawa ce a gida, a kasuwa kuwa Awawu ake kiran ta, tana amsawa. Haulatu ce kaɗai abin bai taɓa ba ta dariya sosai ba. Takan tsokane ni ta ce na sayar mata da suna ban karɓo mata ko alawa ba. Ina jin haka sai in sunkuyar da kai kan keke in ci gaba da ɗinki.

A shekarar 2022 jami'arku ta ɗauke ta digiri na biyu a fannin akanta. Tana aiki a ofishin kuɗi na wata makaranta, tana riƙe da gidan miji, Juma'a da Asabar kuma tana aji. Ta ci kwasa-kwasanta duka, har na binciken asusu da na haraji da ake cewa suna kayar da maza. Kundin bincikenta a kan yadda dillalan albasa da hatsi na kasuwannin Bodija da Shasha suke adana bayanin cinikinsu ne, wasu da ajami, wasu da alama a jikin buhu, wasu a ka kawai. Ranka ya daɗe, waɗannan mutane ba sa buɗe littafinsu ko ga 'ya'yan cikinsu. Amma mutum ɗari da ashirin da shida suka zaunar da ita a benci suka buɗe mata, domin sun san ta tun tana kai wa mahaifinmu abinci a rumfa. Ta ce Haulatu 'yar Nu'uman Jatau suka yarda da ita, ba su san wata Aolat ba, don haka ba za ta ɗora wa amanarsu sunan da ba su sani ba. Ta rubuta Haulatu a bangon kundin, ta kuma ƙudiri niyyar takardar shaidarta ta ƙarshe ta fito da sunanta na gaskiya. Daga nan ƙorafina ya fara.

1. Ranar Talata, 6 ga Fabrairu, 2024, marigayiyar ta miƙa wa ofishinku fom na gyaran suna, haɗe da takardar rantsuwa ta kotu da sanarwar jarida, kamar yadda dokarku ta tanada. An karɓa, an buga hatimi a risidi, an ce abu ɗaya ya rage: za a sa mata rana ta zo da kanta ta dangwala yatsa a gaban jami'i. Ta koma bin sawu sau huɗu a sanina, biyu daga ciki ni na kai ta a babur. Yau a ce jami'in yana taro, gobe a ce na'urar ɗaukar yatsa ta lalace. Sai bayan wata tara aka sa mata ranar 11 ga Nuwamba. Aikin da ba ya cin minti biyar ke nan. Ba na ja da hukuncin Allah, ajali ba ya jiran fom. Amma da an kira ta ko sau ɗaya cikin waɗannan watanni tara, da yau ba ka karanta wannan takarda ba.

2. Ranar Alhamis, 17 ga Oktoba, 2024, ta kare kundinta a gaban malaman sashe da mai jarrabawa daga wata jami'a, da tsohon ciki, ƙafafunta a kumbure har takalmi ba ya shiga, sai silifas ɗin mijinta ta sa. Ta ci. Malamai huɗu suka sa hannu a takardar sakamako da sunan da ke bangon kundin, wato Haulatu Jatau. Aka ba ta 'yan gyare-gyare, ta ƙarasa su a kan gadon asibiti, ta ba ni da hannunta na kai wa mai duba aikinta, Dakta Mu'inuddeen Ajadi, ranar Juma'a, 1 ga Nuwamba. Ranar Lahadi ta haifi 'ya mace. Ta ga jaririyar, ta yi mata addu'a. Kafin la'asar jini ya tafi da ita.

Ranar 11 ga Nuwamba, muna zaune a tabarmar makoki, wayarta da ke hannun mahaifiyarmu ta yi ƙara. Saƙo ne daga ofishinku, ana tunatar da Aolat Jatau ta zo ƙarfe goma ta dangwala yatsa. Mahaifiyarmu ba ta karatun boko, ta miƙo mini ta ce in duba ko mai ta'aziyya ne. Na ce mata eh, mai ta'aziyya ne. Allah Ya yafe mini wannan ƙarya. Ban ga laifin kowa a wannan saƙo ba, domin lokacin ba mu sanar da ku ba. Na kawo shi ne don a san ranar da ofishinku ya fara magana da mamaciya, kuma har yau bai daina ba.

3. Ranar Litinin, 13 ga Janairu, 2025, na zo ofishinku da takardar shaidar rasuwa da wasiƙar iyali. Ma'aikaciyar da ke kula da fayil ta yi mini ta'aziyya da ladabi, ba zan ɓoye alherinta ba. Sannan ta duba kwamfuta ta shaida mini cewa takardar da na kawo ta wata Haulatu Jatau ce, su kuwa ɗalibarsu Aolat Jatau ce, don haka ba za ta iya shigar da rasuwar wani a fayil ɗin wani ba. Ta juyo mini da kwamfutar na gani da idona. A ƙarƙashin Aolat akwai kwasa-kwasai duka, an ci, amma babu kundi. Sakamakon kundi kuwa yana can gefe a ajiye, kwamfuta ta ƙi karɓa, wai babu ɗalibar da aka taɓa ɗauka da sunan Haulatu. Na nuna mata lambar ɗaliba ɗaya ce a takardun biyu. Ta ce ta gani, amma doka ta ce sai suna da lamba sun yi daidai. Na fito da risidin 6 ga Fabrairu, wanda na tsinta a cikin littafin marigayiyar na haraji. Ta ce risidi shaida ce ta cewa an nemi gyara, ba shaidar an yi gyara ba, kuma gyara ba ya kammala sai mai sunan ta zo da kanta.

Na tambaye ta daga ina za ta zo. Sannan na tattara takarduna na fito.

4. Na dawo ranar Talata, 4 ga Maris, da azumi a bakina. Aka tura ni sashe, sashe ya ce shi ya gama nasa, aka maido ni ofishinku, ofishinku ya ce in je sashen kwamfuta, su kuma suka ce ba sa taɓa suna sai da umarninka. Dakta Mu'inuddeen, wanda ya zo har Sabo ya zauna da mu ranar addu'ar uku, ya rubuto muku sau biyu yana shaida cewa Aolat da Haulatu mutum ɗaya ce, ya koyar da ita, ya duba aikinta shekara biyu. Har yau ba a ba shi amsa ba.

Ranar 20 ga Mayu na sake dawowa. A ranar ne wani ma'aikaci, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin na san tausayi ne ya sa shi, ya ja ni gefe ya ba ni shawara. Ya ce hanya mafi sauƙi ita ce in je in nemo wata takardar rasuwar da sunan Aolat, in kuma sa a sake ɗaure kundin da sunan Aolat a bango, cikin mako biyu komai zai wuce, a ba mu takardar shaida mu huta. Ranka ya daɗe, na tsaya a bakin ƙofar nan na daɗe ina juya maganar, domin wallahi na gaji, kuma mahaifiyarmu tana tambaya ta kullum. Amma ma'anar shawarar ita ce in je gaban hukuma in yi rantsuwar ƙarya, in goge sunan da ta rubuta da hannunta a kan aikinta. Na sayar mata da suna sau ɗaya ina yaro, tana ja mini riga. Ba zan sake ba yanzu da ba ta da hannun da za ta ja ni. Na yi masa godiya na ce a'a.

Ƙorafina a nan shi ne, yaya za a yi hanyar ƙarya ta zama mako biyu a ofishinku, hanyar gaskiya kuwa wata takwas ba ta ɓulle ba?

5. Wannan shi ne ya sa tura ta kai bango. Wasiƙarku mai kwanan wata 7 ga Yuli, 2025, ta iso gidan mahaifiyarmu da sunan Aolat Jatau. An rubuta cewa ɗalibar ta yi zango biyu ba ta yi rajista ba, ba ta miƙa kundi ba, ba ta kuma ba da uzuri ba. An ba ta zuwa Talata, 30 ga Satumba, 2025, ta bayyana da kanta, in ba haka ba za a soke sunanta a matsayin wadda ta gudu ta bar karatu, a kuma shafe duk sakamakonta.

Ta gudu ta bar karatu! Haulatu? Yarinyar da ta shiga rumfunan Shasha cikin caɓin damina da littafi a cikin leda? Wadda ta sa aka ɗaga mata gadon asibiti don ta gyara teburin lissafi a shafi na tamanin da bakwai, ana ƙara mata ruwa ta hannu ɗaya tana rubutu da ɗayan? Haba, Ranka ya daɗe. Ku ce ta rasu, mun haƙura, dukanmu can za mu. Amma kada a rubuta a tarihin jami'arku cewa ta gudu. Wannan ƙazafi ne ga wadda ba ta da bakin kare kanta, kuma ya fi mini ciwo fiye da duk zaryar da na yi.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ban zo koya wa malamai aikinsu ba, ni da ban wuce sakandare ba. Amma marigayiyar takan zauna a shagona bayan ta taso aji, ina ɗinki tana ba ni labarin abin da aka koya musu. Wata rana ta bayyana mini abin da kuke kira daidaita littattafai. Ta ce idan littafi biyu suka saɓa a kan abu ɗaya, akanta na gari ba ya yaga ɗaya ya jefar, kuma ba ya ƙirƙiro lamba don su zo daidai. Baya yake komawa, layi bayan layi, har ya gano ranar da suka rabu, ya rubuta dalili, ya sa hannu. A sashenku aka koya mata wannan, ta kuma ci jarrabawa a kai. To, ga ranar da littattafan nan biyu suka rabu na kawo muku: Satumba 1999, a bakin tebur ɗin wata malama, kuma ni ne dalili. Lamba ɗaya ce, hoto ɗaya ne, ranar haihuwa ɗaya ce, sunan uba ɗaya ne. Abin da ya rage shi ne wani mai iko ya sa hannu.

Kada a ɗauka wata riba muke nema. Takardar nan ba za ta samar wa kowa aiki ba. Yadin da ta zaɓa don bikin yaye ɗalibai yana nan a shagona a ninke, ban sa masa almakashi ba, domin ta ce in jira ta haihu jikinta ya koma kafin in auna ta. Mahaifiyarmu ta haura saba'in, idonta ya fara rauni, burinta kawai ta zauna a zauren nan ta ji an kira sunan da aka raɗa wa 'yarta, da babbar murya, sau ɗaya. Jaririyar kuwa ta rayu, yanzu watanta goma. An mayar mata da sunan uwarta, muna yi mata alkunya da Jannat. Ni na je yi mata rajistar haihuwa. Na tsaya a kan ma'aikacin ina faɗa masa harafi ɗaya bayan ɗaya, na karɓa na karanta sau uku, har ya gaji da ni ya tambaya ko lafiya. Wata rana yarinyar nan za ta tambayi wace ce uwarta, kuma ina so in sami abin da zan miƙa mata.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon:

Na farko, a janye wasiƙar 7 ga Yuli, a dakatar da soke sunan da aka shirya yi ranar 30 ga Satumba.

Na biyu, ka yi amfani da ikon kujerarka ka ɗage sharaɗin dangwala yatsa, tunda mai yatsan tana kabari, a kammala gyaran sunan da ta nema da kanta tana raye, bisa rantsuwar kotu, da shaidar Dakta Mu'inuddeen, da tawa rantsuwar da na haɗa a nan.

Na uku, a haɗe sakamakon kundinta da na kwasa-kwasanta, a miƙa wa Majalisar Jami'a, a sa ta cikin waɗanda za a yaye a Nuwamba mai zuwa da sunan Haulatu Jatau.

Na haɗa kwafin takardar haihuwa, da ta aure, da ta rasuwa, da risidin 6 ga Fabrairu, da wasiƙun Dakta Mu'inuddeen biyu, da takardar wakilci daga mijinta. A shirye nake in zo duk ranar da aka kira ni, in kawo mahaifiyarmu, in kawo limamin da ya yi mata sallah, in kawo dillalan da suka buɗe mata littattafansu. In yatsa ake buƙata dole, ga nawa, tunda ni na jawo.

Ranka ya daɗe, kai da ka tashi a Kano, na tabbata akwai yadda Hausawan layinku suke karya sunanka, kana amsawa, kuma ba ka taɓa zama mutum biyu ba. Ina kyautata zaton za ka gane abin da kwamfuta ta kasa ganewa.

In kuwa bayan duk wannan ofishinku ya tsaya a kan bakansa cewa wadda ta rasu daban, ɗalibarku daban, Aolat Jatau tana nan da ranta, rajista ce kawai ba ta yi ba, to na janye roƙona duka uku. Ku riƙe takardar shaidar, ku riƙe kundin. A taimaka a nuna mini inda take in je in taho da ita gida. Akwai yarinya da ta fara tsayuwa ba ta san uwarta ba, akwai tsohuwa da ke zaune a ƙofar ɗaki. Wallahi ko da wane suna kuka ba mu ita, za mu karɓa.

Allah Ya ƙara maka girma da adalci, Ya jiƙan magabatanka. Ina jiran amsarka kafin 30 ga wata.

Naka cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)

Mu'az Nu'uman Jatau,
Yayan Haulatu.